Hedimastan da Ya Riƙa Ɗaukar Buzun Kawunsa

Ranar da aka kai Yaya makwancinsa, ƙofar gidansa ta Yalwawa ba ta ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin dabinon maƙwabta. Na zauna cikin masu karɓar gaisuwa, na yi ta amsa addu'a har bakina ya bushe. Ban yi kuka ba. Mutum in ya kai shekaruna, hawaye ma sai sun ga dama suke zuwa. Sauraro na yi, don kowa da irin Yayan da ya zo da shi a bakinsa.

Wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu alƙali ne har ya yi furfura, ya matso kusa da ni ya ce, "Baba, ni fa ban taɓa ganin ya ɗaga bulala ba. Amma wallahi har yau in na ji sallama mai kama da tasa a ƙofar gida, sai gabana ya faɗi." Waɗanda ke kusa suka yi dariya, sannan suka tuna inda suke, kowa ya gyara fuska.

Da na tashi zan shiga gaida mata, wata tsohuwa ta tare ni a soro ta ce, "Malam, sau tara ya zo ƙofata a kan in sa ɗana a boko. Na taran ma don ya bar ni in huta na ba shi yaron. Yau yaron nan shi ke ci da ni." Dangin ubansa na Aujara kuwa, masu shanu, sun zo da sandunansu sun zauna gefe ɗaya, ba su da yawan magana. Babbansu ya ce mini, "Mu muka haifa, ku kuka mora." Har wani malami da Yaya ya taɓa sallama daga aiki ya zo. Ya zauna can bakin tabarma, da zai tafi ya ce, "Da ƙafarsa ya zo gidana ya kore ni. Har furata ya sha."

Da yamma jikokinsa suka tambaye ni me ya sa rabin garin nan ke kiransa Malam Ina-gidansa. Na duba dama na duba hagu, na ga duk waɗanda suka ga farkon abin sun riga mu. Ni kaɗai na rage, ni ɗin ma ba tsaye nake sosai ba. Shi ya sa na nemi takarda.

Yaya ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, wato taubasai muke, kuma mun yi taubasantakar nan har haƙoranmu suka zube. Shekara uku ya ba ni. Ubansa ya rasu yana ƙarami, gwaggo ta kawo shi gidanmu a Limawa ta danƙa wa Baba, wanda yake da makarantar allo a zaurensa. Inna, mahaifiyata, ita ta raine shi. Tare muka ci tuwo a akushi ɗaya, tare muka sha dukan Baba, sai dai nawa ya fi yawa don shi kansa ya fi nawa ja.

Ba a daɗe da zaman Turawa a ƙasar nan ba saƙo ya zo daga gidan hakimi cewa ana son yaro ɗaya daga gidan Malam, a kai shi makarantar boko a Kano. Ɗan Malam aka ce. A lokacin, wanda aka kai boko kamar an yi sadaka da shi ne, ba a sa ran zai dawo da salla. Ina nan zaune da allona, Yaya na gefena da nasa. Baba ya dube ni, ya dube shi, ya ce wa ɗan saƙon, "Ga shi nan." Bai yi ƙarya ba, ɗan ƙanwa ɗa ne. Amma duk wanda ke zauren ya san wanda aka nema da wanda aka bayar. Yaya ya jingine allonsa da bango, bai ma wanke ba, aka tafi da shi a kan jaki.

Ya dawo bayan shekaru masu yawa da akwatin ƙarfe, da agogon aljihu, da rubutu mai tafiya daga hagu zuwa dama. Sallarsa kuwa tana nan, abin da ya ba mutane mamaki ke nan. Aka sa shi koyarwa a sabuwar elemantaren da En'e, wato hukumar gargajiya, ta gina a garinmu na Dutse, ɗaki biyu na ƙasa, da guntun ƙarfe rataye a jikin tsamiya a madadin ƙararrawa. Shugaban makarantar wani mutumin Kano ne da bai taɓa son zaman Dutse ba, kullum yana ƙorafin duwatsu sun tare masa iska. Yara kuma babu. A kamo goma yau, gobe a ga huɗu.

Yaya ne ya kawo shawarar a ɗauki Baba malamin Arabiyya. Ya san mutanensa. Ranar da aka ga Malam na Limawa ya shimfiɗa buzunsa a cikin makarantar boko, iyaye suka ce ashe ba wuta ba ce, suka fara sako 'ya'yansu. Ni kuma Yaya ya riƙa koya mini boko bayan la'asar, ina da gemu ina da mata, har na iya abin da zan riƙe aji ɗaya da shi. Na gode masa. Amma ba zan ɓoye ba, duk ranar da ya ciro agogon nan ya duba, sai in ce a raina da ni aka bayar, da a aljihuna yake.

Waɗanda suka san Yaya da tsufansa ba za su yarda ba, amma a ƙuruciyarsa ta koyarwa mutum ne mai zafi. Yana son layi ya miƙe, yana son ƙarfe ya buga a kan lokaci. Nakan ce masa, "Yaya, ko ranar tashin ƙiyama sai ka duba agogo ka ce an makara." Yakan ce, "Kai dai za a same ka kana barci."

Da aka mai da mutumin Kano gida, Baturen da ke zagayen duba makarantu ya bar wa Yaya riƙon ƙwarya. Ya ce shekara ɗaya za a gani, in ya iya a tabbatar masa. Malamai huɗu ne a ƙarƙashinsa. Ɗaya daga ciki ni ne, taubashinsa, wannan da sauƙi. Ɗaya kuwa kawunsa ne, malaminsa, wanda ko a hanya suka haɗu sai Yaya ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Baba kuma yana makara. Darasinsa ne na farko, amma ba ya isowa sai hantsi ya ɗaga. Sau biyu Bature yana zuwa yana tarar da yara zaune, buzu babu, malami babu. A karo na biyu ya kira Yaya gefe, ina jin su ta taga. Ya ce, da Hausarsa ta littafi, "Za ka rubuta masa takardar gargaɗi. Za ka ajiye kwafi. Idan na komo na iske haka, ko shi ya tafi, ko kai ka koma aji in kawo wani daga Kano."

Yaya ya san in Baba ya tafi, yara za su bi shi. Ya kuma san in bai yi komai ba, kujerar ta tafi. Sau uku yana zuwa zauren Baba da niyyar magana. Sau ukun yana durƙusawa, ya gaishe shi, ya tambayi ƙafarsa mai ciwo, ya tashi ya fita. Bakinsa ya ƙi. Da baki ya ƙi, sai ya koma ga abin da aka koya masa a Kano. Ya zauna a tebur ya rubuta takarda yadda ake rubuta takardar ofis, ba sallama, ba gaisuwa, da boko. Tunaninsa, kamar yadda ya faɗa mini daga baya, shi ne takarda ba ta da ido, Baba zai karanta shi kaɗai, ba wanda zai ji kunyar wani. Abu ɗaya ya manta, mutumin da bai taɓa manta minti ba. Baba ba ya karanta boko.

Masinja ya kawo ta bayan la'asar, lokacin da dattawan unguwa ke zaune a zaure suna ɗaukar karatun littafi. Liman yana nan, mai unguwa yana nan. Baba ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini ya ce, "Kai ɗan boko, me aka ce?"

Na duba, kallo ɗaya na san abin da ke ciki. Ina iya cewa, "Baba, maganar aiki ce, sai mun shiga gida." Ba wanda zai ce don me. Ban faɗa ba. Na gyara murya na karanta, a hankali, yadda kowa zai ji:

"Daga shugaban makaranta zuwa ga malamin Arabiyya. An lura kana makara zuwa aiki. Wannan gargaɗi ne. In ka sake, za a kai maganarka gaba."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba ya ce, "Sake karanto mini farkon."

"Daga shugaban makaranta."

"To," in ji shi. "Ashe mun yi shugaba." Ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin buzu, ya ce wa mai karatu, "Ci gaba daga inda ka tsaya."

Washegari Baba ya bar almajiransa na allo ba tare da ya biya wa ko ɗaya ba, ya isa makaranta tun ba a buga ƙarfe ba. Yara na layi, Yaya na tsaye a gabansu da agogo a hannu. Baba ya tuɓe takalmansa tun daga gindin tsamiya, ya tako da ƙafarsa mai ciwo, ya durƙusa har ƙasa a gaban ɗan ƙanwarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, malamin Arabiyya ya iso. Ban makara ba ko?"

Yaya ya zube shi ma. "Kawu, don Allah! Malam, don girman Allah ka tashi!" Baba ya ƙara yin ƙasa da kai. Suka zauna haka su biyu a ƙasa, kowa na neman ya fi wani ƙanƙanta, yara sun buɗe baki. Sai da Yaya ya ce, "Ba ka makara ba," sannan Baba ya miƙe ya ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe."

Kwana goma sha ɗaya ana haka. Baba bai zage shi ba, bai ɗaga masa murya ba, bai kuma sake makara ba. Abin da takarda ta nema an yi. Amma labari ya gama gari cewa boko ta sa kawu yana durƙusa wa ɗan da ya tashi a hannunsa, iyaye suka fara janye yaransu, ajina ya koma rabi. Almajiran allo kuma suna zaure ba mai biya musu. Yaya ya rame, tuwo ba ya wuce masa. Ya zo wurina ya ce, "Yaya zan yi?" Na ce, "Rubuta masa ta ban haƙuri, ni zan karanta." Ya dube ni ya daɗe, bai yi dariya ba. Wannan ne karo na farko da na yi masa wasa bai rama ba.

Inna ce ta warware. Ya shiga gaishe ta, ta bar shi durƙushe tana tankaɗe, sannan ta ce, "Kai a zauren nan ka tashi. Ka manta abin da ake yi a cikinsa da safe? Yara nawa ne, malami nawa ne? Ka tambayi abin da ke riƙe shi kafin ka aiko masa da takardar Nasara?" Yaya bai tambaya ba. Ya ga dai buzu babu, ya duba agogo. Baba kuwa ba ya tashi sai ya saurari kowane yaro shi kaɗai, ya gyara masa, ya ƙara masa, don a makarantar allo kowa da inda yake, ba a kora su gaba ɗaya kamar awaki.

Da gari ya waye, bayan sallar asuba, sai ga Yaya ya shigo zaure. Ba takalmi, ba agogo, da sabon allo a hannu. Ya ratsa ya zauna a tsakiyar yara, gwiwarsa na gogar ta ɗan shekara bakwai. Baba bai dube shi ba. Ya tashi a kan lokaci, ya je makaranta ya durƙusa masa kamar kullum. Rana ta biyu ma haka. A ta uku Baba ya miƙa hannu ya ce, "Kawo." Ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu a allon, bai tambaye shi komai ba, ya mayar masa. Ina kallon Yaya lokacin da ya duba. Daga daidai inda ya tsaya ranar da aka ɗora shi a kan jaki Baba ya ɗora masa. Shi kansa Yaya sai da ya gani ya tuna.

Da ya biya nasa, ya ce, "Malam, in taya ka sauraron ƙanana?" Baba ya ɗaga kai kaɗan. Yaya ya ja rabin yaran gefe, aka gama tun rana ba ta hau katanga ba. Baba ya miƙe zai sunkuya ya ɗauki buzunsa, ya tarar Yaya ya riga ya naɗe ya sa a hamata. Suka fita, Baba a gaba yana ɗingishi, shugaban makaranta a baya. A makaranta Yaya ya shimfiɗa buzun, ya durƙusa ya ce, "Bismilla, Malam." Baba ya tsaya yana neman inda zai durƙusa, bai samu ba. Mutum ba ya juyawa ya faɗi gaban wanda ya ɗauko masa buzu. Ya zauna ya ce a kira yara.

Haka aka riƙa yi kullum, har mutanen Limawa suka daina leƙowa. Yara suka dawo. Wata safiya Bature ya iso ba sanarwa, ya tsaya a gindin tsamiya ya ga shigowarsu. Ya kira Yaya ya ce, "Malam, shugaba yana tafiya a gaba. Ba ya ɗaukar kayan na ƙasa da shi." Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba agogo." Bature ya duba, da saura kafin a buga ƙarfe. Duk da haka bai gamsu ba. Ya rubuta cewa mutumin ba shi da tsauri. Shekara ɗayar riƙon ƙwarya ta zama uku, abokan karatunsa na Kano duk suka wuce shi. Sai da aka canza Bature, sabon ya zo ya ga azuzuwa cike har ana zama a baranda, sannan aka tabbatar masa. Ban taɓa jin Yaya ya yi maganar shekarun nan uku ba.

Abin da ya dame shi daban ne. Baba bai taɓa cewa ya yafe ba. Sau da yawa in yara sun watse Yaya zai ce, "Kawu, ka yafe mini takardar nan." Baba zai ce, "Biya karatunka." Ba ƙari. Wanda bai tashi a gidan malamai ba zai ce ai ya wuce, tunda suna tafiya tare. Yaya ya san bai wuce ba sai an furta. Yana tsoron kada ya je lahira da fushin malaminsa a kansa, ya kuma faɗa mini haka da bakinsa.

Daga nan ne ya zama mutumin da jikokinsa suka sani. Agogo ya koma akwati. Duk wanda aka kawo masa ƙararsa, malami ne ko yaro ko uban yaro, tambayarsa ɗaya ce: "Ina gidansa?" Sai ya ɗauki sanda. Malamai sun fi tsoron zuwansa a kan takarda goma. Zai yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, ya sha ruwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gona, ya tambayi akuyar da ta haihu. Mai gida na zaune gumi na karyo masa. Sai ya tashi, an rako shi ƙofa, sannan ya ce, "Af, me ke hana ka isowa ranar kasuwa?" Sau da yawa a nan yake jin abin da ba a faɗa a ofis, mata ba lafiya, ko rijiyar unguwa ta ƙafe.

Ni ma na sha nawa. Wata damina na riƙa zamewa daga aji ina tafiya noma. Wata rana ina gona ina tsakiyar kunya sai na ji fartanya a bayana. Yaya ne, da farar rigarsa ta aiki, ya kama kunyar da ke kusa da tawa. Muka kai ƙarshe muka juyo. Da muka sake kaiwa ƙarshe ya jingine fartanyar ya ce, "'Yan aji ɗaya suna gaishe ka." Ya tafi. Rigar nan uwargidansa ba ta yafe mini ita ba har ta rasu.

Ba waliyyi ba ne, kada jikoki su ɗauka haka nake nufi. Yana da jan magana, abin da za a yanke yau sai ya kai mako yana zagayen gidaje. Akwai malaman da suka gane halinsa suka yi ta cin amanarsa, ya daɗe bai sallame su ba, yara suka cutu. Iyalinsa sun fi kowa sanin sanyin tuwo, don ba ya dawowa a kan kari. In ya kafe kuma, ya fi dutsen garin nan. Amma malaman da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, da yawansu sun riƙe makarantu daga baya, kuma duk inda ka je za ka tarar suna da sanda a bayan ƙofa.

Baba ya rasu Yaya na Kano, an kira shugabannin makarantu wani kwas na wata uku. Ciwon kwana biyu ne. A rana ta biyu da azahar ya kira ni ɗakinsa, ya ce in matso. Ya ce, "In yayanka ya dawo, ka ba shi buzun nan. Ka ce masa na yafe tun ranar da ya shigo da allo, bakina ne ya yi nauyi. Ka ce shi ma ya yafe mini. Kai aka nema, shi na bayar." Na jira ya faɗi wani abu a kaina. Bai faɗa ba. Ya juya ya fuskanci alƙibla, kafin la'asar ya cika.

Yaya ya iso ranar uku. Bayan an watse ya ja ni gefe a zaure, idonsa jawur, ya ce, "Kawu bai bar magana ba?"

Na ɗauko buzun na miƙa masa na ce, "Ya bar maka wannan. Ya ce ka saba ɗauka."

Ya karɓa ya rungume. Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya ce, "To, madalla."

Haushi ne ya sa ni, ba wani abu ba. Ubana ne, amma numfashinsa na ƙarshe a kan ɗan wani ya ƙare. Na ce zan faɗa masa bayan sadakar bakwai, in zuciyata ta sauka. Bakwai ta wuce, na ce bayan arba'in. Daga nan kuma sai ya zama in na faɗa dole in faɗi dalilin da ya sa ban faɗa ba. Kowace shekara maganar na ƙara nauyi. Muka ci gaba da aiki tare, muka aurar da 'ya'ya tare, muka yi ta wasanmu. Na gaji gidan Baba da zaurensa, Yaya ya gina nasa a Yalwawa. Yakan zo gaida Inna har ta rasu, yakan zo suna da biki. Ya taka ƙofar kowa a garin nan da magana a bakinsa, amma bai taɓa zuwa tawa da ita ba. Ni kuma ina ganinsa kowace Juma'a yana zuwa kabarin Baba, in kau da kai.

Kwana biyar kafin ya rasu aka ce mini jikin ya yi tsanani. Na ɗauki sandata da hantsi na taka daga Limawa zuwa Yalwawa, ina hutawa a hanya. Na same shi kwance, buzun nan a ƙarƙashin kansa, gashinsa duk ya kaɗe. Ya ce, "Ragon malami, yau ba noma?" Na ce a ba mu wuri. Da aka fita na faɗa masa duka. Na faɗi saƙon Baba kalma da kalma, don ban manta ko ɗaya ba. Na faɗa masa kuma ranar takarda ina iya yin shiru, da gangan na karanta.

Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya ce, "Takarda ni na rubuta, ba kai ba. Saƙon Kawu kuwa, Inna tana bakin ƙofa lokacin da ya faɗa maka. Tun daren ukun ta gaya mini."

Na ce, "Yaya, shekara nawa ke nan? Ka sani kana kallona? Kai da ba gidan da ba ka je ba, me ya hana ka zuwa ka tambaye ni?"

Ya buɗe ido ya dube ni. Ya ce, "Na taɓa kunyata mutum ɗaya a zauren nan. Ya ishe ni." Ya ɗan huta, sannan ya ce, "Na san za ka zo. Ka dai makara, amma ban duba agogo ba."

Allah ya jiƙan Yaya, ya haɗa shi da malaminsa a inda ba mai durƙusa wa wani sai Shi. Ya ce a ba ni buzun. Yana nan jingine a zaure, har yau ban iya zama a kai ba.